Wutar Kara Da Wutar Gungume

Karatu: Littafin Firistoci 6:8-13, 2 Timoti 4:9-11

   

Yau maganarmu a kan wuta ce.

Sa'ad da nake yaro a ƙauyenmu, ba kowane gida ake samun ashana ba. In mahaifiyata ta gama tuwon dare, takan iza gungumen icce cikin murhu, ta rufe garwashin da toka. Da asuba sai ta tone tokar, ta sa 'yan ƙirare, ta hura, wuta ta tashi. Ran da gajiya ta sa ta manta kuwa, ni ake tasa daga barci, a ba ni tsingaro in je maƙwabta ɗebo wuta. Mu yara muna da tamu irin wutar. Bayan girbi, da sanyin hunturu, mukan tara karan dawa mu cinna masa wuta. Harshenta ya tashi sama, muna tsalle muna ihu. Amma kafin ka juya bayanka shi ma ya ji ɗumi, ta mutu, sai baƙar toka.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, tambayar da na kawo maka yau ke nan: bangaskiyarka wutar kara ce, ko wutar gungume?

Ina yin wannan tambaya da nauyin zuciya. Kowace shekara muna yin taron falkaswa. Mai wa'azi ya yi kira, mutane su fito gaba da hawaye, mu rubuta sunayensu. Ina da irin waɗannan littattafai a ofishina. Wani lokaci nakan buɗe su, in karanta sunayen, in tambayi kaina: ina wane yake yau? Ina wance? Waɗansu suna nan daram, godiya ga Allah. Waɗansu kuwa ko wata uku ba su yi ba. Hawayensu na gaskiya ne, ba na shakka. Wutar ta kama, sai dai ba a sa mata icce ba.

Bari mu dubi karatunmu. A Littafin Firistoci sura 9 aya 24, ran da Haruna ya fara aikin firist, wuta ta fito daga wurin Ubangiji ta cinye hadayar da take kan bagade. Ba Haruna ya kunna ta ba. Amma a sura 6 Allah ya riga ya ba firistoci umarni game da wutar bagaden, cewa kada a bari ta mutu, dare da rana. Firist zai kwashe toka, ya fitar da ita bayan zango, ya kuma zuba icce kowace safiya.

Haka yake da mu. Ruhu Mai Tsarki kyauta ne daga Allah. Ba a sayensa, ba a gadonsa daga iyaye, ƙarfin ganga ko ƙarar lasifika ba sa kawo shi. Afisawa 1:13 ta koya mana cewa ran da muka ji bishara muka ba da gaskiya, an hatimce mu da shi. Duk da haka manzo Bulus ya gargaɗi masu bi na Tasalonika kada su danne aikin Ruhu kamar yadda ake kashe wuta (1 Tasalonikawa 5:19), ya kuma ce wa Timoti ya hura baiwar da take cikinsa (2 Timoti 1:6). Allah ne mai ba da wuta, ya kuwa danƙa mana kiwonta. Akwai ayyuka uku cikin wannan kiwo.

Na farko, a kwashe toka.

Toka shaidar wutar jiya ce. Tana iya riƙe garwashi ya kwana, amma ba wanda ya taɓa dafa tuwo a kanta. Akwai masu bi da suke zaman tokar jiya. In ka tambaye su abin da Ubangiji ya yi musu, sai labarin shekara 20 da ta wuce. Ikilisiyar Afisa ta faɗa cikin wannan. Bulus ya yi wajen shekara 3 a birnin. Tubansu ya yi ƙarfi har masu sihiri suka ƙone littattafansu a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). Amma a Wahayin Yahaya 2:4, Ubangiji ya yaba aikinsu da jimirinsu, sa'an nan ya zarge su da cewa ƙaunar da suka fara da ita ta yi sanyi. Sujada tana tafiya, kwamiti yana zama, murhu kuwa ya huce.

Akwai kuma tokar zunubin da aka ɓoye, da riƙon da aka ƙi saki. A nan zan faɗa muku nawa laifi. A wata ikilisiya da na taɓa yi wa hidima, mun sami saɓani da wani dattijo a kan kuɗin gini. Ya faɗi magana a kaina a gaban kwamiti, ta yi mini zafi ƙwarai. Na ce na yafe, amma a baki ne kawai. Fiye da shekara guda ina hawa bagade ina wa'azi, ina ba da jibin Ubangiji, in na zo kansa sai in kau da ido. Addu'ata ta bushe. Ina buɗe Littafi Mai Tsarki don neman abin da zan faɗa ran Lahadi kaɗai.

Wata rana bayan sujada, wata tsohuwa daga zumuntar mata ta jira har kowa ya watse. Ta ce, "Fasto, ɗana, kada ka ji haushina. Kwanakin nan wa'azinka akwai hayaƙi, amma ba ma jin ɗumi." Na ce, "Mama, na gode." Na shiga gida na kasa cin abinci. Wannan mata ba ta shiga makarantar tauhidi ba, amma ta ga abin da takardar shaidata ba ta nuna mini ba. Da yamma na tafi gidan dattijon. Na same shi a ƙofar gida, na durƙusa na ce, "Baba, na riƙe ka a zuciya, ka gafarta mini." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi ma ya daɗe yana neman hanyar zuwa wurina. Muka yi addu'a tare a kan tabarmarsa. Afisawa 4:30-31 ta haɗa ɗacin rai da fushi da ɓata wa Ruhu Mai Tsarki zuciya. A ran nan na gane wannan aya.

Wa ka riƙe a zuciya? Kuɗin wa ke hannunka? Firist ba ya share toka zuwa ƙarƙashin bagade. Bayan zango yake kai ta.

Na biyu, a sa icce kowace safiya.

Ku lura, Allah bai ce kowace shekara ba, bai ce kowace Lahadi ba. Iccenmu shi ne Maganar Allah da addu'a. Markus 1:35 ta nuna mana Yesu kansa ya tashi tun da sauran duhu, ya fita wurin da ba kowa, ya yi addu'a. In Ɗan Allah ya bukaci wannan, ni da kai fa?

Icce kuma iri iri ne. Ku tambayi maƙeri. In zai narka ƙarfe ba ya neman kara, gawayin kirya yake nema, domin shi ne mai riƙe zafi. Waƙa mai daɗi tana da kyau, babban taro yana da kyau, amma ƙirare ne na tada wuta. Gungumen shi ne ka zauna kai kaɗai da Littafinka, ka karanta, ka yi tunani, ka tashi ka aikata abin da ka karanta.

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932. Da yawa cikin kakanninmu sun koyi karatu da girmansu, da fitilar aci-bal-bal, don su iya karanta shi da kansu. Yau yana cikin gidajenmu, yana ma cikin wayoyinmu, amma ƙura ta rufe na gida, na waya kuwa saƙonni sun danne shi. Ga shawarata. Bishara ta hannun Markus sura 16 ce. Gobe da safe, kafin ka taɓa waya, kafin ka kunna rediyo, karanta sura ɗaya. Ka tambayi Ubangiji abu ɗaya da yake so ka yi a ranar. Cikin kwana 16 ka gama littafi guda. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Kada ka ce sai wahala ta zo za ka nemi Allah. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da ciwo ya shigo gida, ko aiki ya ƙare, ko tashin hankali ya auka wa gari, iccen da ka tara tun da rani shi zai riƙe ka.

Na uku, kada a raba bakin wuta.

Kowace mace ta san yadda ake kashe wuta ba tare da ruwa ba. In an gama girki sai a janye itatuwan, a ware su ɗaya ɗaya, kowanne ya yi hayaƙi ya mutu. Shaiɗan ma ya san wannan dabara. Yakan fara da, "Ai ba dole sai ka je sujada ba, kana iya ji a rediyo." Ni da nake magana da ku ta rediyo ina gaya muku, rediyo ba zai zo gaishe ka ran da kake makoki ba, ba zai tsawata maka ran da ka kauce ba. Shi ya sa Ibraniyawa 10:25 ta hana mu barin taruwa. A zamanin Nehemiya jama'a har kuri'a suka jefa, don kowane gida ya san lokacin da zai kawo icce Haikali (Nehemiya 10:34). Wutar bagade ta dukan jama'a ce. In taka ta yi sanyi, ɗauki tsingaro ka je maƙwabta, ba abin kunya ba ne. In kuwa ka ga kujerar wani ta yi mako uku ba kowa, kai ne maƙwabcin, kai masa wuta.

To, yaya za a san wutar tana da rai? Ba a auna wutar murhu da tsawon harshenta, a tukunya ake dubawa. Galatiyawa 5:22-23 ta lissafta halaye 9 da Ruhu yake haifarwa cikin mai bi, ta fara da ƙauna ta ƙare da kamunkai. Ba a majami'a kaɗai ake ganinsu ba. Ana ganinsu a mudun da kake awo da shi a kasuwa. Ana ganinsu a muryar da kake yi wa matarka magana. Tambayi 'ya'yanka, su ne suke cin abin da wutarka ta dafa.

Karatunmu na biyu ya sa mutum biyu kusa da juna. Dimas abokin aikin Bulus ne, sunansa yana cikin Kolosiyawa 4:14 da Filimon 24. Amma a 2 Timoti 4:10, Bulus yana kurkuku, ya rubuta cewa Dimas ya bar shi saboda son duniyar nan. A aya ta gaba kuwa ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a aikin. Wannan Markus shi ne ya gudu ya bar su a Bamfiliya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa (Ayyukan Manzanni 15:37-39). Dimas ya fara da kyau ya ƙare a toka. Markus ya fara da tuntuɓe, ga shi yau muna karanta bisharar da take ɗauke da sunansa.

A ƙasarmu ma muna da misali. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar nan. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake komar da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Da wutar kara ce, da ta mutu tun a kabari na farko. Yau dubban ikilisiyoyi suna jin ɗumin wannan gungume.

Wataƙila kana saurarona kana cewa, "Fasto, tawa ta riga ta mutu." Ka ji abin da annabi Ishaya ya faɗa game da Almasihu a sura 42 aya 3: ko lagwanin da ya rage hayaƙi kawai, ba ya ƙarasa kashe shi. Da yake maganar nan ta dame ka, akwai sauran garwashi a ƙarƙashin tokar. Tone ta yau.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Ruhunka da ka ba mu kyauta. Ka gafarta mana inda muka bar murhu ya huce. Ka nuna wa kowannenmu tokar da zai kwashe, ka ba shi ƙarfin hali ya kwashe ta kafin rana ta faɗi. Ka ba mu yunwar Maganarka kowace safiya. Ka komo da waɗanda suka ware cikin zumuntar 'ya'yanka. Ka riƙe mu har ƙarshe. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa, in Ubangiji ya yarda. Alherinsa ya kasance tare da ku duka.