Filin Shaƙatawa Shi Kaɗai Ba Ya Haɗa Farare da Baƙaƙe: Abin da Shikago Ta Nuna

 

Jami'an tsara birane a Amurka sun daɗe suna tallata cewa in aka shuka ciyawa aka jera kujeru tsakanin unguwar farare da ta baƙaƙe, sabo zai zo da kansa. Tarihin Shikago bai goyi bayansu ba.

Ranar 27 ga Yuli 1919, wani yaro baƙar fata ɗan shekara 17, Eugene Williams, yana wanka a Tafkin Mishigan, ruwa ya ja shi zuwa ɓangaren da farare suka ɗauka nasu ne. Babu dokar da ta raba gaɓar. Wani farar fata ya yi ta jifa da duwatsu har yaron ya nutse. Rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka 38, baƙaƙe 23 da farare 15, sama da mutum 500 suka jikkata. A Agustan 1966, a filin Marquette, aka jefi Martin Luther King da dutse a ka. Duka wuraren nan biyu na jama'a ne, kuma a takarda kowa na da ikon shiga.

Ita kanta hukuma tana da hannu dumu-dumu. A 1982 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai hukumar filayen shaƙatawa ta Shikago ƙara, kan cewa tana fifita unguwannin farare wajen kuɗi da ma'aikata da gyara. A 1983 aka yi yarjejeniya a gaban kotu, a 1989 aka ɗage ta. Shekara shida ake so mu yarda ta wanke aikin rabin ƙarni! A 2020 ƙungiyar Trust for Public Land ta auna filayen ƙasar, ta tarar waɗanda ke unguwannin da ba na farare ba girmansu rabin na farare ne, kuma jama'ar da ke dogaro da kowace eka ta kusa ninki biyar. Wanda ya saba da fili mai fitilu da banɗaki mai tsabta, me zai kai shi inda famfo ya mutu, ƙarfen kwandon ƙwallo ya karye? Ziyarar ta zama ta ɓangare guda, kuma mai zuwa kullum baƙo ne.

A 1995 masu bincike Solecki da Welch suka nazarci filayen Boston da ke kan iyakar unguwanni mabambanta, suka ce sun zama katanga: kowane ɓangare na gudunsu, har bishiyoyinsu sun nuna rashin kulawa. A 1998 Paul Gobster ya duba filin Warren a arewacin Shikago, ya ga cewa filin kan iyaka na iya jawo jinsi daban-daban. Jami'ai na son ambaton wannan. Amma a karanta har da bincikensa na 2002 kan filin Lincoln na Shikago. Marasa rinjaye daga nesa suke zuwa, galibi a mota, da iyali guda, su shimfiɗa tabarma su kunna gawayi su yini. Farare sun fi zuwa ɗaiɗai ko bibbiyu, daga kusa. Mai gudun motsa jiki da abin sauraro toshe a kunne ya wuce ta gefen masu gasa nama, ko gaisuwa babu. A lissafin hukuma an haɗu ke nan.

Tun 1954 Gordon Allport ya gindaya sharuɗɗan da cuɗanya ke rage ƙiyayya: matsayi ɗaya, manufa ɗaya, aiki tare, da goyon bayan hukuma. Ciyawa ba ta samar da ko ɗaya. Ma'aikaci ne ke samarwa, wanda zai kafa gasar ƙwallo ya gauraya yaran unguwa biyu a ƙungiya ɗaya, ya raba fulotan lambu yadda maƙwabta za su yi karo-karon tiyo da shebur. Shi kuwa albashinsa ake fara yankewa idan kasafi ya yi ƙunci, domin ba a yanka masa kintinkiri a gaban 'yan jarida.

Na san za a ce mini ai akwai ƙarancin kuɗi. To, an samu kimanin dala miliyan 95 aka gina 606 a Shikago, hanyar tafiya da keke mai tsawon kilomita 4.3 a kan tsohon layin dogo, aka buɗe ta a 2015. Ta haɗa unguwannin masu hali na gabas da na 'yan asalin Latin Amurka a yamma. Zuwa 2016, masu bincike a Jami'ar DePaul sun ga farashin gidaje a ɓangaren yamma ya tashi da kusan kashi 48 cikin ɗari tun fara aikin a 2013. Haya ta bi sahu, kuma waɗanda aka ce za a haɗa da maƙwabtansu su ne suka fara tattara kaya.

Buƙatata ga hukumomi ita ce duk shekara su wallafa abin da suka kashe wa kowane fili, da adadin ma'aikatansa, da unguwannin da yaran kowace ƙungiyar wasa suka fito. Kuma kada a sake amincewa da wani sabon fili a kan iyakar unguwanni sai an fara tanadin da zai hana haya korar mazauna.